Takardar da Ake Iya Ƙwacewa

'Yan mata uku ne suka zo wurina a makon nan, kowacce da tambaya iri ɗaya, wai wace makarantar koyon jinya ce ta fi sauri. Ba wadda ta fi kyau ba, wadda ta fi sauri. Ɗaya har tana gaya mini ai aikin ba wani abu ba ne, ki sa farar riga, ki soka allura, a ce miki sannu da aiki. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Shekarata tara a aikin nan. Ban tsufa ba, amma na ga abin da ya isa in yi magana.

Bari in fara da allurar, tunda ita ce ta tsone muku ido.

Sirinjin da muke aiki da shi na gilashi ne, gida biyu, kwalbar da sandar da ke shiga cikinta. Kowanne da lambarsa a jiki. Kika haɗa sandar wani da kwalbar wani, ko ta cije ko magani ya tsiyaye ta baya. Kafin a tafasa sai an raba su, a naɗe kowanne a tsumma mai tsabta, a sa a ruwan sanyi, sannan a kunna risho. Kika jefa gilashi a ruwan da ya riga ya yi zafi, ƙas za ki ji, shi ke nan. Ita kuma allurar ba a yar da ita. Ana wasa bakinta a kan ɗan dutse da ɗigon mai, a zura siririyar waya a cikinta a fitar da abin da ya maƙale, sannan a ja ta a kan auduga. In ta kamo zare ko guda ɗaya, bakinta ya lanƙwashe, a koma dutse. Daga lokacin da ruwa ya tafasa, ba lokacin da ya fara kuka ba, a ƙirga minti ashirin. Sannan a ɗauko da hantsaki, hannu ba ya taɓawa. Sokawar da kuke gani ƙiftawar ido ce. Abin da ke gabanta shi ke cin rabin safiya.

A shekarar da na gama makarantar 'yan mata, wurare biyu ake magana a kansu a unguwarmu ta Sheshe. Na farko asibitin cikin gari, inda aka fara ɗaukar 'yan mata ana koya musu jinya a ɗakin mata, shekara uku, da jarrabawa a ƙarshen kowace shekara. Na biyu wani gida ne a bayan Ƙofar Nassarawa, na wani Malam Tanimu Mai-allura, wanda aka ce ya taɓa aiki da wani likita a Kudu. Shi wata huɗu yake koyarwa ya ba ka takarda. Taubashiyata Ladidi, 'yar gwaggona, ta riga ta gama a wurinsa, kuma ni can na so. Wa zai bar wata huɗu ya ɗauki shekara uku?

Ladidi ta kawo takardarta gidanmu don ta taya ni shawo kan Baba. Gaskiya takarda ce kyakkyawa. An zagaye ta da zanen furanni, ga jan hatimi a ƙasa kamar ɓarin goro. Baba malami ne, a zaurenmu yake ba manya karatun littattafai, amma bai iya boko ba. Ya sa na karanta masa daga sama har ƙasa. Da na gama ya tambayi sunan wa ke ƙasa. Na ce na Malam Tanimu. Ya ce to, sama da nasa fa?

"Babu, Baba."

Ya juya wajen Ladidi ya tambaye ta wa ya karantar da malamin nata. Ta ce ai wani likita ne a Kudu, Kawu. Ya tambayi sunan likitan. Ba ta sani ba. Ya tambayi wa ke zuwa ya duba abin da Malam Tanimu ke koyarwa. Ta yi dariya ta ce wa zai duba shi, alhali shi ne mai makarantar?

Baba ya jawo gafakarsa ya fito da wata tsohuwar takarda da ta yi ja saboda daɗewa. Ijazarsa ce, wato izinin da malaminsa ya rubuta masa na ya karantar. Sunaye ne a jere, wane daga wane, wane daga wane, har shafin ya cika. Ya ce: "Kowane suna a nan, wani ya zaunar da shi ya ji karatunsa kafin ya sake shi. In na karantar da ɓata, akwai inda za a kai ƙarata. Wannan taku, in an yi ɓarna, wa za a kai wa?"

Kashegari ya ɗauki sandarsa ya tafi asibiti da ƙafa, ya yi musu tambayoyin nan uku ta bakin tafinta. Aka gaya masa akwai hukuma a Ikko da ke aiko mai dubawa, ita ke yarda ko ta hana wuri koyar da jinya, ita ke aiko mai jarrabawa, kuma wadda ta ci ana rubuta sunanta a wani babban littafi a can. Ya dawo ya ce can zan je. Na ce shekara uku fa, Baba. Ya ce shi ya shekara goma sha ɗaya a gaban malami ɗaya, ga shi bai mutu ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne fo. In ɗauka, in duba abin da ke ciki, in faɗi launinsa da yawansa, in zubar, in wanke da jan sabulu, in kife a rana. Na biyu gyaran gado da mara lafiya a kansa: ki mirgina ta gefe guda, ki naɗe tsohon zanen gado har bayanta, ki shimfiɗa sabo, ki mirgino ta ta haye, ki ja ta ɗaya gefen har ya zama babu ko ƙudundune ɗaya. Ƙudundunen da ba ki ɗauke shi komai ba, a bayan matar da ba ta iya juyi kwana huɗu ya ishe shi ya zama miki. Duk awa biyu a juya ta, a murza mata baya. Haka na yi shekara guda, allura sai dai in gan ta a hannun wasu.

Wadda ta koya mini duk wannan Iya Tabawa ce. Sista Baturiya ita ce babba a ɗakin mata, ita ke ba mu darasi a allo, amma hannu a wurin Iya muka same shi. Bafulatana ce ta gindin Goron Dutse, iyayenta sun bar kiwo tun tana ƙarama. Ungozoma ce tun kafin a gina asibitin, rabin manyan unguwarsu ita ta yanke musu cibi. Da aka buɗe ɗakin mata, tana da shekara hamsin da wani abu, ta zo da kanta ta ce a koya mata irin nasu. Ba ta iya karatu ba, don haka da baki aka yi mata jarrabawa, kuma ta faɗi a karon farko. Ba ta iya duba agogo ba. Ita da Ƙulhuwallahu take auna tafasar allura, ƙafa ɗari biyu a carbi. Mai jarrabawa ta riƙe agogo ta auna, ta ga har ya ɗan haura minti ashirin, amma ta ce duk da haka sai ta koyi agogo, don ba kowace ɗaliba ce za ta ja carbi da irin natsuwarta ba. Matar da ta karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa ta zauna wata uku tana koyon gajeren hannu da dogon hannu a wurin mai gadi. Ta koma ta ci. Ba ta taɓa ba da labarin nan da ɗaci ba. Cewa take yi mai jarrabawar ta yi gaskiya.

Na sha ganin ta ɗora bayan hannunta a cikin yaro ta faɗi zafinsa, a sa ma'auni a tarar ba ta kauce ba. Amma sai ta sa ma'aunin, kuma sai na rubuta. Na ce Iya, wannan ai ɓata lokaci ne, tunda kin riga kin sani. Ta ce: "Hannuna tare da ni za a binne shi, 'yar boko. Abin da kika rubuta shi mai karɓar aiki da yamma za ta tarar."

A ƙarshen shekarar mai dubawa ta zo daga Ikko, wata doguwar mata mai tabarau. Ta ɗaga katifu, ta buɗe tukunyar tafasa, ta ja alluranmu a kan auduga ɗaya bayan ɗaya, ta tsayar da ni ta ce in gyara gado tana kallo. Abin da ya ba ni mamaki, Sista da muke tsoro, ita ma tsayawa ta yi tana amsa tambaya kamar 'yar aji ɗaya. A lokacin ban ga amfanin abin ba. Gani na yi an hana mu cin abincin rana.

Su kuma masu zuwa asibiti, ku san halinsu tun yanzu. Mutanenmu ba sa kawo mace sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an gama da rubutu da turare da saiwa. In sun zo kuma allura suke so. Kika ba tsohuwa ƙwaya, gani take kin raina ta. Wata ta taɓa ce mini ƙwaya ai ta yara ce, ita da ta taho tun daga bakin kasuwa da ƙafa a ba ta mai zafi. A wurinsu allurar da ta fi zafi ita ta fi magani, in wurin ya kumbura ma sai a ce tana aiki. Wannan shi ne kasuwar Ladidi. Tana da ɗan akwatin kwano, tana shiga gidajen kulle inda namiji ba ya shiga, ana kiran ta likita. Duk Juma'a, ranar hutuna, in na dawo gida daga ɗakin kwananmu na asibiti, sai na tarar da ita a tsakar gida tana jira na. "Sarauniyar fo, an tashi daga fada?" Ni kuma in ce da ita likitar wata huɗu, ko ɗan akuya ya fi ki daɗewa a ciki. A yi dariya. Amma ita ake shimfiɗa wa tabarma.

A shekarata ta biyu matar wana Sule, Yaya Dije, ta haihu. Kwana goma sha biyu da haihuwar zazzaɓi ya kama ta. Ranar Juma'a ce, ina gida, Ladidi ta zo da akwatinta da kwalbar kwinin. Matan gida suka fara: ga 'yar asibiti a gida, shekara biyu ko kaza ba ta taɓa soka wa allura ba. Ladidi ta miƙo mini sirinji ta ce in nuna musu abin da Turawa suka koya mini, in akwai.

Dokar asibiti a fili take, ɗaliba ba ta yin allura sai a shekara ta uku, kuma sai babba na tsaye. Na san wannan. Na kuma san inda ake sokawa, don na gani sau ɗari: a raba ɗuwawu gida huɗu, a ɗauki na sama ta waje, nesa da babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Na karɓa. Na ce a ɗora mini ƙaramar tukunya in tafasa. Ladidi ta ce wace tukunya kuma, ga ruwan jego can yana turiri, wanda ya fi shi zafi sai na wuta. Babbar tukunyar wankan jego ce a kan murhu. Tun asuba ta tafasa, an ɗiba da ƙwarya, an tsoma ganye an fitar, an ƙara na rijiya, amma har lokacin ba ka iya sa yatsa. Allurar kuwa daga cikin tsumma ta fito, kuma ta riga ta shiga gida uku a safiyar nan. Mata bakwai suna kallo na. Na tsoma a ruwan jego, na zuƙa sau biyu na fesar, na ja magani, na soka. Na zare allurar. Aka yi guɗa.

Da na dawo Juma'a ta gaba, Yaya Dije ba ta iya zama. Wurin ya kumbura ya yi sheƙi, ya kai faɗin faifai, jikinta na kaɗawa, nono ya fara ɗaukewa, jaririya na ta tsala kuka. Tun kwana na uku ya fara, amma matan gida suka ce magani ne ke aiki, suka yi ta gasa mata da ruwan zafi. Na aika aka kira Ladidi. Da ta gani ta ruga wurin malaminta. Ta bayan ƙofa ya amsa mata, ya ce shi hannunsa ba ya ciki, takardarsa cewa ta yi ta gama karatu, ba ta ce ya ɗauki alhakin kowa ba. In tana so ta ƙara mata wata allurar. Yaya Sule ya ce matarsa ba za ta asibiti a yanka ta ba. Baba ya fito daga zaure ya ce a nemo jaki a kai ta asibiti.

Iya Tabawa ce ta karɓe ta. Ta ɗaga zane, ta duba, ta bi da yatsa har ta sami ɗan bakin inda allura ta shiga. Ta tambayi wa ya yi. Yaya Dije, Allah ya saka mata, ta ce wata mata ce mai yawo gida-gida, ba ta san sunanta ba. Iya ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Wurin da aka soka daidai ne. Mai sokawar a ɗakin nan ta ga ana yi. Tukunya ce ba ta jira ba."

Likita ya tsaga. Ni na riƙe tasa, sai da ta cika aka kawo wata. Ya ce da an ƙara kwana biyu da ya shiga jini, sai dai a nemi mai shayar da jaririya. Aka cusa siririn bandeji a ramin kamar lagwani, kullum a zare a sa sabo, mako biyar. Duk wadda ta taɓa jin kukan mace ana zare mata wannan ba za ta sake cewa allura wasa ce ba.

Da yamma na sami Iya tana wanke hannu a bakin famfo, na ce ni ce. Ta ce ta sani, kuma ita ba za ta faɗa wa Sista ba, ni zan faɗa. Na ce in na faɗa kora ta za a yi, shekara biyu ta tafi a banza. Na ce ga Ladidi can, kullum haka take yi, wa ya taɓa takardarta? Iya ta yarfe hannunta ta juyo.

"Ai shi ya sa tata ba takarda ba ce. Abin da ba wanda zai iya ƙwace shi, ado ne, a rataye a bango. Tawa in na yi ganganci gobe za a soke sunana a littafi, shi ya sa mace ke iya juya mini baya ta rufe ido. Kina son irin tawa, ko irin tata? In irin tata ce, ƙofa a buɗe take, ba sai kin gaya wa kowa komai ba."

Na je na faɗa. Sista ta rubuta komai, har da ruwan jego, sai da ta sa na maimaita mata wannan sau biyu don ba ta gane ba. Ta ce maganar ta fi ƙarfinta, sai ta aika sama. Mako biyu ina jiran amsa, an hana ni taɓa mara lafiya, sai shara da wankin bandeji. Daga baya na ji cewa Iya ta sa mayafinta ta je ofishin likita ba a kira ta ba. Ta ce masa yarinyar da ta kawo ƙarar kanta ba a yar da ita, waɗanda ba sa kawowa su ne abin tsoro, kuma in an bar ni ita ta ɗauki nauyina, in na sake a haɗa da sunanta a soke. Amsa ta zo: an mayar da ni baya shekara guda, an rubuta laifin a takardun aikina, yana nan har gobe. Sannan duk alluran ɗakin mata ni zan riƙa wasawa ina tafasawa. Baba da ya ji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi to, ashe akwai inda ake kai ƙara.

A bazarar wannan shekara sanƙarau ya shigo gari. Asibiti ya cika a mako guda, aka kafa rumfunan zana a filin da ke gindin Goron Dutse, maza daban mata daban. Ana kawo mutum wuya ya sandare, kai ya koma baya, ba ya son haske. Akwai wata doguwar allura da likita ke sokawa a gadon baya ya ɗebi ruwa, wannan in da ƙazanta a jikinta, kai tsaye ka aika mutum lahira. Guda shida gare mu, marasa lafiya kuwa ba a magana. Aka ba ni risho uku da agogon tebur a ƙarƙashin wata tsamiya. Daga hantsi har magariba ina wanki, ina zura waya, ina ja a auduga, ina tafasawa. Wani ma'aikaci daga rumfar maza ya zo ya tsaya a kaina ya ce minti goma ya isa, mutane na mutuwa. Na nuna masa agogo. Ya zage ni, na sake nuna masa agogo. Ran nan likita da kansa ya zo ya miƙo hannu, saura minti huɗu. Na ce saura huɗu. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya tsaya a rana har suka cika.

Iya Tabawa kuwa ban san lokacin da take zama ba. Ta daka ƙwaya ta dama, ta ɗaga kan mace a cinyarta ta ɗura mata da cokali, kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe. Ta jiƙa tsumma ta goge leɓe. Duk awa biyu ta bi layi tana juya su, kamar dai a ɗakin mata, ko da ta san wata ba za ta kai la'asar ba. In an rasu ita ke rufe ido, ta ɗaure haɓa, ta fita ta gaya wa dangi da bakinta, ba ta aika kowa. An rasa mutane da yawa. Amma a rumfarmu ba a sami wurin allura ko ɗaya da ya ruɓe ba.

A mako na uku aka yi shela ana neman duk wanda ya san aikin jinya. Ladidi ta zo da takardarta a naɗe cikin ɗankwali. Tun abin Yaya Dije ta ajiye akwatinta, shi kuma Malam Tanimu ya rufe gida ya bar gari tun farkon ciwon. Sista ta karanta takardar, ta mayar mata da hannu biyu, ta ce ba ta san makarantar ba, hukuma ma ba ta san ta ba, ba za ta iya ba ta allura ba. Amma ana neman masu ɗebo ruwa da wanki. Ladidi ta tsaya takarda a hannu, ba ta tafi ba. Iya ta zo wucewa ta miƙa mata fo. Ta karɓa. Na yi haƙuri mako guda cur, sannan na ce mata barka da zuwa fada. Ta ce in bari ta ajiye wannan ta zo ta same ni. Da damina ta sauka ciwo ya lafa, ta shiga aji ɗaya. Yanzu ita ke riƙe da ɗakin yara, kuma a wajen ɗaurin miki ta fi ni hannu, ko da yake ba zan faɗa a gabanta ba.

Jarrabawata ta ƙarshe, bayan shekara huɗu ke nan, doguwar matar nan mai tabarau ce ta zo. Ta ajiye mini faranti da sirinji da allura uku, ta ce an tafasa, in shirya allurar kwinin. Na ce ban ga lokacin da aka tafasa ba. Na ja su a auduga, ta biyu ta kamo zare. Matar ce ta lanƙwasa bakin da gangan. Na wasa, na kunna risho, muka zauna ni da ita muna kallon agogo minti ashirin. Ta buɗe takarduna, na ga ta tsaya a shafin laifina ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da rubutu.

To, ku masu neman mai sauri, ga abin da za ku yi. Duk makarantar da aka nuna muku, kada ku dubi ginin, kada ku dubi rigar. Ku tambaya wa ya yarda su koyar, yaushe mai dubawa ta zo ta ƙarshe, kuma in kun gama a wane littafi za a rubuta sunanku. Ku je asibiti ku tambaya ko sun san wurin. In mai makaranta ya fusata da tambayar, kun sami amsa. Wadda kuma har yanzu take ganin shekara uku ta yi yawa, ta zo in kai ta wurin Yaya Dije. Ramin yana nan, yana ɗaukar babban yatsa, kuma ba ta jin kunyar nuna wa mata.

Takardata da ta iso ƙarama ce, fara fat, ba fure ba ado, ko rabin kyan ta Ladidi ba ta kai ba. Na kai wa Baba a zaure. Ya ce in karanta daga sama har ƙasa. Na karanta sunan hukuma, da lambata a littafi, da sunan mai jarrabawa, da na likita, da na Sista. Yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce:

"Tabawa fa?"

Na ce ba a sa ta ba, Baba, ita ba ta sa hannu a takarda.

Ya karɓa ya juya bayanta. Ya jawo tawada, ya feƙe alƙalami, ya rubuta da ajami a hankali: ta karɓa daga Tabawa ungozoma, ta Goron Dutse. Ya hura har ya bushe, ya miƙo mini ya ce yanzu ta cika.

Iya ta rasu bara. Takardar tana cikin akwatina. Wadda ke son gani ta zo in nuna mata, gaba da baya. Amma ta wanke hannu tukuna.